Hawan Doki Cikin Dusar Ƙanƙara a Ƙasar Aisalan

Mu uku ne muka yi tafiyan nan, wato maigida, da uwargida, da 'yarmu ta fari wadda take aikin jinya a Ingila. Ba za mu kama sunanta ba, gama kun san kunyar 'yar fari. Tun kafin mu tashi daga gida zuwa ziyararta ta buga mana waya, ta ce, "Baba, tun ina ƙarama nake jin labarin dawakin Kaka. In kun zo, zan kai ku wata ƙasa inda za mu hau doki cikin dusar ƙanƙara." Maigida ya yi murna ƙwarai, domin a gidan dawakai ya tashi, mahaifinsa yana da turke uku a ƙofar gida. Uwargida kuwa ta ce a kai kasuwa. Ita da ko jaki ba ta taɓa hawa ba, sai yanzu da furfura za a ɗora ta bisa doki? Amma yarinya ta riga ta biya kuɗi, ba a kuwa mayarwa. Haka muka shiga neman bizar Shengen tun muna gida, gama bizar Ingila ba ta shigar da mutum ƙasar da za mu.

Sunan ƙasar Aisalan. Tsibiri ne cikin tekun Atilantika, can arewa ƙwarai, tafiyar wajen awa 3 a jirgin sama daga Landan. Faɗinta murabba'in kilomita 103,000, wato in aka raba Nijeriya kashi tara, kashi ɗaya ke nan. Amma mutanenta duka ba su kai 400,000 ba, kuma wajen biyu cikin uku suna zaune a babban birni, Rekyabik, da kewayensa. Tsakiyar ƙasar ba mai zama, sai duwatsu masu aman wuta, da hamadar baƙin yashi, da tuddan ƙanƙara waɗanda ba sa narkewa ko da wane lokaci. Wataƙila wani mai karatu ya taɓa cin abin da ya fito daga can bai sani ba. Busasshen kan kifin nan mai tauri da ake sayarwa a manyan kasuwanninmu, da yawa daga cikinsa daga Aisalan ake kawo shi.

A watan Janairu muka sauka. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne duhu. Ƙarfe tara na safe ya yi, mutane suna kai da kawowa, yara sun riga sun tafi makaranta, amma gari baƙi ƙirin kamar tsakar dare. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana take leƙowa. Ba ta hawa tsaka kamar tamu, sai ta bi gindin sama ta wajen kudu, ta yi ja kamar ta la'asar sakaliya, da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci kuma ta faɗi. Saboda haka wanda zai hau doki a lokacin sanyi yana da 'yan awoyi kaɗan ne a hannunsa, masu dawakai kuwa ba sa wasa da agogo.

Ya kamata mu yi bayanin dusar ƙanƙara domin waɗanda ba su taɓa gani ba. Ba irin ƙanƙaran nan ba ce mai faɗowa kamar tsakuwa da damina a Jos, tana fasa ganyen masara. Wannan tana saukowa a hankali kamar audugar rimi, ba motsi, ba ƙara. In ta taru tana rufe kome, gona da hanya da rami duka su zama fari fat, su zama daidai a ido. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, gama za mu komo kanta.

Ran da za mu hau, mota ta ɗauke mu daga Rekyabik tun da duhu, muka nufi gabas zuwa wani ƙaramin gari mai suna Hveragerdi, kilomita 45. Hanyar tana haye wani tudu mai faɗi da ake kira Hellisheidi, wanda akan rufe shi in iska ta yi ƙarfi. A bisa tudun muka ga farin hayaƙi yana tashi daga ƙasa wuri wuri. Uwargida ta zaci ƙona daji ake yi. Ashe tururi ne, gama ƙarƙashin ƙasar nan akwai zafi, ruwa yana tafasa da kansa. Da wannan ruwa suke ɗumama gidajensu, da tururinsa suke samun wutar lantarki, a Hveragerdi kuwa har tumatir da furanni suke nomawa cikin ɗakunan gilashi ana tsakiyar sanyi. Ruwan zafin famfo yana ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma mutum yakan saba.

Gonar dawakan tana bayan garin, a filin da ya miƙe daga gindin duwatsu zuwa bakin teku. Sa'ad da aka buɗe mana ƙofar barga, maigida ya dube su, ya yi dariya, ya ce da Hausa, "Waɗannan ai ƙuru ne. Ina dawakan?" Gajeru ne ƙwarai, tsayinsu a kafaɗa bai cika wuce santimita 140 ba. Ga gashi buzu-buzu kamar na tunkiya, geza ta rufe ido, ƙafafu gajeru masu kauri. In ka tsai da ɗayansu kusa da ingarman da ake hawan salla da shi a Katsina, sai ka ce ɗa ne da ubansa. 'Yarmu ta ce, "Baba, kada ka faɗi haka da Turanci. Ba su son a ce da dokinsu ƙuru." Gaskiyarta kuwa. A wurinsu doki ne cikakke, yana ɗaukar babban mutum yini guda bai gaji ba. Launinsu iri iri ne, akwai akawal, da kili, da gunya, da danda, da waɗansu da ba mu da sunansu.

Jagorarmu wata budurwa ce da ba ta fi shekara ashirin da biyar ba. Ta karanta sunayenmu a takarda, ta kira maigida da sunansa tsirara, ba Malam, ba kome. Ransa ya ɗan ɓaci. Amma al'adarsu ke nan: yawancinsu ba su da sunan dangi, kowa sunansa da na mahaifinsa, kuma ko shugaban ƙasa da sunan yanka ake kiransa. Da ta ji 'yarmu tana cewa "Baba" da "Mama", ta tambayi ma'anar, daga nan ita ma ta kama kiranmu haka har muka rabu.

Kafin a bar mu mu taɓa doki, sai ta tambayi kowa ko ya zo da kayan hawa daga wata ƙasa, ko takalmi, ko safar hannu da ta taɓa wani doki. Wannan ba wasa ba ne, doka ce. Ba a shigo da doki Aisalan daga ko'ina, dokin da ya fita kuwa ba ya komowa har abada. Ko waɗanda ake kaiwa gasar duniya ta dawakin Aisalan, wadda ake yi kowace shekara biyu a waɗansu ƙasashen Turai, in an gama sai mahayi ya rabu da dokinsa a can, ya koma gida shi kaɗai. Tsohon sirdi da linzami ma ba a shigo da su, tufafin hawa kuwa sai an wanke an kashe ƙwayoyin cuta. Dalili shi ne, dawakan nan sun yi shekaru ɗaruruwa a keɓe, jikinsu bai san cututtukan waje ba, ba a kuma yi musu allurar rigakafi. A 2010 wani tari ya shiga cikinsu ya bazu ko'ina, har aka ɗaga babban taron dawakai na ƙasa, wanda suke kira Landsmot, zuwa shekara ta gaba. Wanda ya taɓa ganin yadda ciwo yake share garke zai gane tsoronsu. Su ba su san ƙudan tsando ba, ba maciji, har sauro ma sai a Oktoba 2025 aka ba da labarin an kama guda uku a ƙasar.

Aka ba kowannenmu wata babbar riga mai haɗe da wando, mai kauri, ruwa ba ya shiga, da hular kwano, da safar hannu. Muka sa bisa rigunan ulu da muka zo da su, har muka zama kamar buhunan gyaɗa. Jagora ta ce abu biyu za mu kiyaye: kada kowa ya fita daga layi, kada kuma kowa ya tuɓe safar hannu sai ta ce. Ta ɗaga ƙafar wani doki ta nuna mana takalmin ƙarfe mai 'yan ƙusoshi da suke sa musu domin santsi, da wata roba a cikin kofato wadda take hana dusar ƙanƙara dunƙulewa.

Sa'an nan ta tambayi wanda ya iya hawa. Maigida ya ce shi tun yana shekara bakwai yake kilisa. Bai faɗa mata cewa rabonsa da sirdi ya fi shekara talatin ba. Aka ba shi wani akawal mai kuzari. Uwargida ta faɗi gaskiyarta, ta ce tsoro take ji, aka ba ta wata tsohuwar goɗiya gunya mai shekara 22, aka sa ta daf da bayan jagora. Dawakan nan suna da tsawon rai, ba a fara horar da su sai sun kai wajen shekara huɗu, suna kuwa aiki har su wuce ashirin da biyar. Sirdinsu shimfiɗaɗɗe ne, ba kwacciya gaba da baya irin namu da mutum zai jingina. Linzaminsu kuwa ɗan siriri ne mai sauƙi, ba irin na gida mai harshe wanda ake zamiya da shi ba. Ba kaimi. Maigida ya ce, "To, da me ake tsai da shi?" Jagora ta ce, "Da zamanka, Baba. Ka nauyaya a sirdi, ka yi masa magana."

Muka fita mu takwas, da jagora a gaba, da wani saurayi ɗan gidan a baya. Sauran baƙin daga Jamus da Amurka suke. Sanyin ranar digiri 6 ne ƙasa da sifili, amma ba iska, sama garau. Rana tana fitowa ke nan, kawunan duwatsu suka yi ja, filin duka ya yi wani launi tsakanin shuɗi da fari. A gabas ga dutsen Ingolfsfjall, mai tsayin mita 551, kansa a baje kamar tebur. An sa masa sunan Ingolfur Arnarson, wanda tarihinsu ya ce shi ne ya fara kafa gida a ƙasar wajen shekara ta 874, daga Norwe ya zo. Can nesa jagora ta nuna mana wani farin tudu, ta ce Hekla ke nan, dutse mai aman wuta, amansa na baya a shekara ta 2000 ne.

Abin da ba za mu manta ba shi ne shiru. A dajinmu ko da tsakar rana akwai kukan kurciya, da gyare, da motsin ganye. A nan ba itace sai 'yan gajerun da aka dasa kusa da gidaje, ba ƙwaro, ba tsuntsu sai wani baƙin hankaka guda biyu da suka bi mu. Ba ka jin kome sai ƙurus-ƙurus na kofato cikin dusar ƙanƙara, da numfashin dawakai yana fita kamar hayaƙi. Uwargida ta ƙanƙame gezar goɗiyarta da hannu biyu, idonta a ƙasa. Bayan kamar rabin awa 'yarmu ta kira ta, "Mama, ɗaga kai ki gani mana." Ta ɗaga. Ba ta ce kome ba, amma ba ta ƙara sunkuyawa ba.

Da muka kai wata miƙaƙƙiyar hanya inda ƙasa ta daskare da kyau, jagora ta ce za mu gwada tolt. Dawakan duniya yawancinsu taku uku suke da shi, tafiya, da sassarfa, da sukuwa. Na Aisalan suna da ƙari. Tolt wani taku ne inda doki yake sauri kamar sassarfa, amma kullum akwai ƙafa ɗaya aƙalla a ƙasa, saboda haka ba ya jijjiga mahayi. Waɗansunsu suna da na biyar ma, wani gudu mai tsananin sauri inda ƙafafun gefe ɗaya suke tafiya tare, amma wannan na gwanaye ne, ba a nuna wa baƙi. Muka gyara zama, muka ɗan tattara linzami, jagora ta yi wani sauti da baki. Sai dawakai suka ɗaga kai, suka zarce. Abin mamaki, ƙasa tana gudu a ƙarƙashinmu, mu kuwa zaune kamar a kujera. Uwargida, wadda ta rantse ba za ta hau ba, muka ji tana dariya da ƙarfi kamar yarinya. Maigida ya yarda a ransa cewa bai taɓa hawan abu mai daɗin wannan ba, amma bai faɗa ba.

Muka tsaya hutawa kusa da wani tarin duwatsu da aka jera kamar rumbu, tsayin mutum. Jagora ta ce irin waɗannan su ne alamun hanya na mutanen dā. Ana jera su yadda in ka tsaya a ɗaya za ka hangi na gaba, domin matafiyi cikin hazo kada ya ɓace. A nan ta ba mu shayi mai zafi daga gora, ta kuma ba mu tarihin dawakan. Mutanen farko ne suka kawo su cikin jiragen ruwa na katako marasa rufi, fiye da shekara 1,100 da suka wuce. Bisa doki manyansu suke zuwa majalisarsu ta Althing, wadda aka kafa a 930. Ƙasar ba ta da hanyoyi, koguna ba gada, saboda haka doki ne yake kai wasiƙa, shi yake ɗauko ungozoma, shi yake kai gawa kabari. Har suna yi masa kirari da baran da ya fi kowane amfani. Mota ta fari sai a 1904 ta shigo, hanyar da ta kewaye ƙasar kuwa sai a 1974 aka gama ta. Ta kuma faɗa mana masifar 1783, sa'ad da ƙasa ta tsage a wani wuri mai suna Laki, ta yi wata takwas tana aman wuta da hayaƙi mai guba. Ciyawa ta lalace, wajen rabin dawakai suka mutu, tumaki fiye da haka, yunwa kuwa ta kashe kamar mutum ɗaya cikin biyar. Dawakan da muke kai jikokin waɗanda suka tsira ne. Yau ana ƙiyasta akwai doki ɗaya ga kowane mutum biyar ko shida. Suna cin namansa kuma, amma wannan ba mu ɗanɗana ba.

A wurin hutun nan ne maigida ya karya doka ta fari. Yana so ya ɗauki hoton uwargida bisa goɗiyarta domin 'yan'uwa a gida su gani, waya kuwa ba ta jin yatsa cikin safa. Ya tuɓe ta hannun dama, ya cusa a aljihu, ko kuwa ya zaci ya cusa. Sai da muka yi nisa ya laluba, babu. Kunya ta hana shi faɗa. Ya ce a ransa, ai hannu ɗaya ne, ya sha sanyin hunturu a Jos, wannan ma zai wuce.

Ba mu san lokacin da sama ta sake ba. Jagora ce ta fara lura. Muka ga tana duban kan duwatsu, inda wani farin abu yake tashi kamar ƙura. Ta duba wayarta, ta yi magana da saurayin da harshensu, sa'an nan ta ce mana iskar da ake sa rai da yamma ta yi sammako, za mu koma yanzu. Wani Ba'amurke ya yi gunaguni, ya ce kuɗin awa uku ya biya. Ta amsa masa da ladabi, amma ta riga ta juya kan dokinta. A ganinmu wannan ita ce alamar jagora ta gari. Wanda yake jin nauyin baƙo har ya ƙi faɗa masa a koma, bai kamata a ba shi rayukan mutane ba.

Kafin minti goma iska ta iso. Ba daga sama dusar take zuwa ba, wadda take kwance a ƙasa ce iska take kwasa tana watsa mana a fuska kamar yashi. Ku tuna da hazo mai kauri na watan Janairu a Kano, ku mai da shi fari, ku sa masa sanyi mai yanka kamar aska. Dutsen ya ɓace, sama da ƙasa suka zama abu ɗaya. Kowa ba ya ganin kome sai wutsiyar dokin da yake gabansa. Jagora ta yi ta kiran sunayenmu ɗaya ɗaya, muna amsawa.

Hannun maigida ya fara zafi kamar an sa a wuta, daga baya ya daina jin yatsunsa. Hankalinsa ya tashi. Ana cikin haka iska ta ɗan lafa, ya hangi fitilar gonar can gaba, ba nisa. Amma layin dawakai, maimakon ya miƙe, sai ya karkata hagu, zai yi dogon zagaye. Tsakaninmu da fitilar kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, fari, sumul kamar an share. Ya ce a ransa, yarinyan nan ta rikice. Ya ja linzami dama, ya fita daga layi. Doki ya yi taku huɗu ko biyar, ya tsaya cik. Ya zungure shi da diddige. Doki ya kafe ƙafafu, ya kwantar da kunne, ya yi huci. Maigida, ɗan gidan dawakai, ya ji an raina shi, ya ɗaga ragowar linzami zai tsula masa.

Sai muka ji muryar jagora ta keta iska, "Baba! Sake masa linzami! Sake!" Uwargida ma ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi masa a gaban mutane ba, ta ce, "Maigida, don Allah ka ji maganar yarinyan nan!" Ya sake. Doki ya ja da baya a hankali, ya juya da kansa, ya koma wurinsa a layi kamar ba abin da ya faru.

Saurayin da yake baya ya sauka, ya ɗauki wani dutse kamar kan mutum, ya jefa gaba kaɗan da inda dokin ya tsaya. Dutsen ya fasa farin, ya nutse, baƙin ruwa ya ɓullo yana ɗan tururi. Filin nan sumul fadama ce. Kogin da yake bi ta Hveragerdi sunansa Varma, wato kogi mai ɗumi, gama ruwan zafi yana shiga cikinsa, saboda haka fadamun wajen ba sa daskarewa da kyau. Ɓawon ƙanƙara ne siriri a sama, dusa ta rufe shi, ƙarƙashi kuwa laka da ruwa. Da dokin ya bi umarni, da shi da mahayinsa sun faɗa ciki, cikin iskan nan kuwa jiƙaƙƙen mutum ba ya daɗewa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Jagora ba ta yi faɗa ba. Da ta matso ta ga hannun, ta tuɓe wata safa daga aljihunta ta sa masa, ta ce ya cusa hannun cikin riga a hammata, ya riƙe linzami da hagu sako-sako. Ta ce da mu duka, "Kada kowa ya ja. Sun san gida." Haka muka yi sauran tafiyar, kamar minti ashirin da biyar, kawunanmu a sunkuye, dawakai suna bin juna hanci da wutsiya, suna taka inda na gaba ya taka. Goɗiyar uwargida ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Da muka shiga ɗaki, maigida ya nufi wurin na'urar ɗumama ɗaki zai ɗora hannu. 'Yarmu ta tare shi. Yatsu uku sun yi fari, sun yi tauri a baki. Ta ce, "Baba, yau ni ce likita. Zauna." Ta hana a murza, ta hana a kai kusa da wuta, gama fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Ta sa aka kawo ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, ta tsoma hannun a ciki wajen rabin awa. Sa'ad da jini ya fara komowa, zafin ya sa dattijo ya ciji leɓe, hawaye suka zubo. Yatsun suka yi ja, suka kumbura kaɗan. Ta ce an yi sa'a, sanyin bai shiga ciki ba. Fatar bakin yatsa ɗaya ta saɓule bayan mako biyu, shi ke nan.

Aka kawo mana miyar naman rago da dankali da karas, da wani baƙin burodi mai zaƙi wanda akan gasa ta wurin binne tukunya cikin ƙasa mai zafi. Tsohon mai gonar ya zo ya zauna tare da mu. Da ya ji labari bai yi dariya ba. Ya tambayi maigida irin dawakan ƙasarmu, da abin da suke ci. Maigida ya ba shi labarin harawa, da dusa, da kanwa, da yadda ake yi wa doki ado ran hawa, da yadda mahaya suke sukuwa su zo su yi zamiya a gaban sarki. Ya nuna masa hoton hawan daba a waya. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya ce dogaye ne, kyawawa, amma a nan ba za su kai Fabrairu ba. Maigida ya ce nasa ma ba za su kai Afrilu a Sakkwato ba. Suka yi dariya, suka sha kofi. Kafin mu tashi maigida ya nemi jagora, ya ce mata ya yi kuskure. Ta ce ba shi ne na fari ba, kuma yawanci waɗanda suka iya hawa ne suke yin haka.

Ba mu koma Rekyabik a daren nan ba, gama an rufe hanyar tudu saboda iska. Muka kwana a wani masauki a Hveragerdi, muna jin iska tana kuka a taga har asuba. Da gari ya waye, wato wajen ƙarfe goma da rabi, kome ya kwanta. Uwargida ce ta roƙi direba ya bi da mu ta gonar. Yawancin dawakan ƙasar a waje suke kwana duk lokacin sanyi, ana kai musu ingirici cikin manyan ƙunshi. Muka tarar da garken a tsaye wuri ɗaya, duka sun juya wa iska baya, dusar ƙanƙara a kwance bisa gadon bayansu ba ta narke ba, gama kaurin gashinsu ba ya barin ɗumin jiki ya fita. Waɗanda muka hau suna cikin barga. Uwargida ta shiga, ta sami goɗiyarta tana cin ciyawa, ta shafa mata wuya, ta yi mata sallama da Hausa. Maigida ya tsaya gaban akawal ɗin, hannunsa a naɗe, ya daɗe. Direba ya yi ta danna ƙaho, gama jirginmu na yamma ne, ga kuma tudu a gabanmu.